Aljanin Cikin Tulu Da Dattijon Da Ya Ga Faɗuwar Alƙalawa

Daga Birnin Tsaba zuwa Shinkafi, da wuya a samu ajin sakandaren da ba a karɓa-karɓar littattafan yaƙi a cikinsa. A irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ke rubutawa mukan haɗu da bokaye da aljanun da suka shekara ɗaruruwa a doron ƙasa. Galibi faɗan muke bi, mu tsallake babbar tambaya: me tsawon rai ke yi wa zuciya?

Dare Dubu Da Ɗaya ya ba da amsa a labarin masunci da aljani. Annabi Sulaimanu ne, a cewar labarin, ya rufe aljanin a tulun tagulla, aka jefa shi teku. A shekara 100 ta farko ya yi alkawarin azurta duk wanda ya cece shi. Da jira ya yi tsawo, sai ya rantse zai kashe mai cetonsa. Masuncin da ya buɗe tulun bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma dabara ce kawai ta fisshe shi. Shekarun ba su ƙara wa aljanin hikima ba, ƙulli suka ƙara masa, har ya so hucewa a kan wanda bai yi masa komai ba.

Mu ma nan arewacin Zamfara mun san wannan ciwo. Rikicin da ya raba iyalai da gonakinsu, ya rufe makarantu, yana samun abinci daga ramuwar gayyar da ke faɗa wa marar laifi.

To, mu juya labarin. Mu ƙaga dattijo mai shekara 300 a yankinmu. Yana matashi ya ga Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. A 1808 ya ga Alƙalawar ta faɗi a hannun masu jihadi, Sarki Yunfa ya rasa ransa. A 1929 ya ji kukan jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, a 1996 kuma aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato yana kallo. Ya ga mai rinjaye jiya ya zama abin kora yau. Wa zai riƙe a zuci, alhali duk waɗanda suka ɓata masa sun daɗe a kabari, jikokinsu ne maƙwabtansa?

Zaɓi biyu ke gabansa: ya bi hanyar aljanin tulu, ko ya zama mai sasanta jikoki. Nan ne labari ke da daɗi, domin marubuci ne zai yanke hukunci.

Saboda haka, in hutu ya zo, mu zauna da kakanninmu, mu tambaye su abin da suka ji daga nasu kakannin game da Dutsi ta ƙasar Zurmi, inda ake cewa sarautar Zamfara ta faro. Sannan mu ɗauki biro mu rubuta wa dattijon nan shafi biyu, mu kawo wa malamin Hausa ya duba.