Jan Tawada da Harafi Mai Kauri

Tun zamanin da malamanmu ke kwafe littattafai da alƙalamin kara, sun fahimci cewa idon mai karatu yana bukatar jagora. Saboda haka wanda ya buɗe tsohuwar Risala ko Ishmawi ta rubutun hannu daga Sakkwato ko Gwandu, zai tarar da matanin cikin baƙar tawada, amma wuraren babi da fasali an fito da su da ja, ko an kaurara haruffansu, domin ɗalibi ya gane inda mas'ala ta ƙare da inda wata ta soma. Ba ado suke nufi ba, alama ce ta hukunci.

To, wannan bukata ba ta gushe ba da zuwan kwamfuta. Harshen HTML na rubuta shafukan intanet, wanda Tim Berners-Lee ya ƙago a cibiyar CERN, aka fara bayyana ƙa'idojinsa a 1991, yana da alamomi biyu da kan rikita masu koyo, wato b da strong, domin dukansu kan sa harafi ya yi kauri a allon waya. Sai dai ta farko jawo ido kawai take yi, alhali ta biyu, bisa ƙa'idar HTML5 da aka tabbatar a 2014, shaida ce cewa maganar tana da muhimmanci, ko gargaɗi, ko gaggawa, kuma wannan ma'ana tana nan a rubuce ga na'ura ko da an canja kamannin harafin.

A ɗauki misalin sanarwar ɗaukar ɗalibai irin wadda matasan Zuru ke bibiya daga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke garin, ko ta shirye-shiryen bikin Uhola. Yaro na tsaye a bakin kasuwa, rana na haska gilashin wayarsa, babban yatsa na tura rubutu sama da sauri. Abin da zai cece shi shi ne ranar rufe rajista da gargaɗin kada a biya kuɗi ta hannun ɗan tsakani. Waɗannan biyu su suka cancanci kauri. Amma, abin takaici, sau da yawa magatakarda kan kaurara sallama da sunayen manyan baƙi har da addu'ar rufewa, haka ma masu tura saƙo a WhatsApp da ke kewaye kowace jumla da taurari don ta yi kauri, har ranar da ake nema ta ɓace a tsakiyar baƙin rubutu, yaron ya wuce ta bai sani ba.