Idan Wanda Kake Bi Bashi Zai Tsallake Iyaka Kafin Hukunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka ɗauka kana da shagon siminti a nan Arkilla. Wani baƙo daga Birnin Konni ya ɗauki buhu 200 bashi, lokacin biya ya yi, ya ce sam bai san zancen ba. Ka kai ƙara, aka sa muku rana. To amma motarsa na nan an gama yi mata lodi, gobe da asuba sai Illela. Da ya tsallaka, sammacin alƙalin Sakkwato ba ya da ƙarfi a can, don Nijar wata ƙasa ce da nata kotuna. Ko ka ci shari'a, takarda kurum za ka riƙe. Mene ne abin yi?

Ka sani malaman Malikiyya sun daɗe da duba wannan. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya nuna mai bin bashi na iya hana wanda yake bi tafiya, in dai lokacin biya zai riske shi a can, sai fa in ya bar wakili ko mai lamuni. Ibnu Asim kuma, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 829 Hijira, ya kawo hanya biyu a Tuhfatul Hukkam.

Ta farko lamunin fuska. Wato alƙali ya ce wa baƙon nan da ya musa: kawo mutum sananne wanda zai tsaya maka cewa za ka halarci zama. Amma kai da za a roƙa ka tsaya wa wani, ka yi hattara. A Risala an faɗa a sarari, mai lamunin fuska in ya kasa kawo mutuminsa shi zai biya, sai in tun farko ya yi sharaɗin ba zai biya ba. Masu masaukin fatake sun san wannan sarai, shi ya sa ba kowane baƙo suke tsaya wa ba.

Ta biyu ita ce tauƙifi, wato tsare abin da ake jayayya a kansa. Gida a kulle shi, gona a hana noma ta, kuɗin haya a ajiye. In abin mai saurin lalacewa ne kamar tumatir, kuma ana tsoron tantance shaidu zai ja lokaci, sai a sayar a ajiye kuɗin. Wannan ya fi shafar wanda ke cewa "abin nan nawa ne". In simintinka na nan cikin motar, to ka ga magana ta zo da sauƙi. Sai dai ba a yin tauƙifi mai tsawo da fatar baki, ana son shaida, ko da adali guda ne.

Kotunan boko ma sun iso nan, ko da yake a makare. A 1975 a Ingila, masu wani jirgin ruwa mai suna Mareva suka nemi a hana waɗanda suka yi hayarsa kwashe kuɗinsu daga wani banki a Landan, kotun Lord Denning ta yarda. Kotun Ƙolin Nijeriya ta yi bayanin irin wannan umurni a shari'ar Kotoye da Babban Banki a 1989. Lauyanka zai kai takardar rantsuwa Babbar Kotu yana nuna da'awarka na da ƙarfi, mutumin na da dukiya a nan, kuma akwai haɗarin ya fitar da ita. Kai kuma ka yi alkawarin biyan diyya in ta bayyana ka tsare kayan mutum a banza. Nan ne masu gaggawa ke ƙonewa.

Zamansa baƙo kawai ba hujja ba ce. Mutumin Konni da ya shekara ashirin yana cin kasuwar Kara, ga gida ga iyali, ba za a ɗaure masa dukiya don takardarsa ta Nijar ce ba. Abin da alƙali ke son ji shi ne: ya sayar da rumfarsa? Ya kwashe kaya da dare? Wa ya gani?

Kada kuma ka tara samari ku ƙwace makullin motar. Da ka yi haka ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake tuhuma, shi kuwa ya samu abin faɗa. Ka tafi da takardar bashin da shaidunka tun ranar da ka ji ƙishin-ƙishin tafiyar, ka nemi alƙali ya saurare ka kafin ranar da aka sa.