Daga Bakin Tiga Zuwa Jami'ar Bayero

A garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, daga Bebeji da Ƙiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, idan yaro ya samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, murnar ta gari ce baki ɗaya. Kafin la'asar labari ya kai majalisar ƙofar masallaci, kafin magariba mata sun fara shigowa yi wa uwarsa barka. Mutanen yankin sun daɗe suna tura 'ya'yansu gabas neman karatun Alƙur'ani, kuma yadda ake sallamar almajiri a da, kusan haka ake sallamar ɗan jami'a a yau.

Ana jibi tafiya uwa za ta hau aikin guzuri. Ta soya gyaɗa, ta matse mai ta ɗura a 'yar jarka, ta toya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji mai daddawa ta cika gwangwani. A gefe ga garin kwaki da kwano biyu na shinkafa 'yar gida. Shi kuwa uba tuni ya fitar da buhun masara kasuwa, ko ya taɓa kuɗin tumatirin rani, ya haɗa kuɗin rajista. Tun da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar, aka kammala ta a 1974, noman rani ya ɗauki nauyin karatun yara da dama. Yaron zai zaga dangi sallama. Gwaggo ta kwance bakin zane ta ba shi abin da ya sawwaƙa, malaminsa na allo ya dafa kansa ya yi addu'a, kaka ta ce, "Ka riƙe salla, ka san da wa za ka zauna, kada ka manta gidan da ka fito." Da asuba a raka shi tasha, mota ta bi ta Kwanar Ɗangora ta kama titin Zariya zuwa Kano.

Ita ma jami'ar daga zauren karatun addini ta tsiro. A 1960 aka buɗe ta a cikin Makarantar Nazarin Larabci da ke birnin Kano, da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 ta ɗauki sunan Sardauna, sai kwalejin ta koma amsa sunan Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya mulki Kano daga 1926 zuwa 1953. Ɗalibanta na digiri na farko su goma ne kacal, a 1964. A 1977 ta tsaya da ƙafarta, Dakta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko. Yau tana da Tsohuwar Jami'a a gefen ganuwa wajen Kabuga, da Sabuwar Jami'a a kan titin Gwarzo, ga kuma gidan Malam Aminu Kano, wato Mambayya, da ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Taken jami'ar ma daga Suratu Yusuf aka ɗauko shi, yana jan kunnen mai ilimi kada ya ɗauka ya ƙure sani.

Baƙon ɗalibi ba ya rasa mai riƙe masa hannu. 'Yan ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarsu ne ke nuna masa inda ake bin layin rajista, wani ma ya ba shi gefen katifa kafin ya samu ɗaki. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai a sa masa doguwar riga da hula mai geza, ya ɗauki hoto a kai wa uwa ta adana. Da azumi ana haɗa tukunya a sha ruwa tare. Lokacin Makon Hausa kuwa sai ka ga ɗalibai cikin manyan riguna da rawuna, an naɗa sarki da fadawansa, ana kiɗa da kirari. A nan yaron Doguwa yake gane cewa harshen da ya tsotsa a nono fage ne na bincike mai zurfi. Farfesa M.K.M. Galadanci da Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, mai littafin Hausa a Rubuce, duk a nan suka yi wa Hausa hidima, kuma a nan aka tsara Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Daga kujerar shugabancin jami'ar Farfesa Attahiru Jega ya tafi ya riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa a 2010, magajinsa Farfesa Abubakar Rasheed kuma ya jagoranci hukumar kula da jami'o'i.

Ranar yaye ɗalibai, dangi kan ɗauki shatar mota tun daga ƙauye, da kulolin waina da miyar taushe, su shimfiɗa tabarma a gindin bishiya suna jiran fitowar ɗansu. Idan an koma gida sai walima, irin wadda ake yi wa mai saukar Alƙur'ani: a yanka abin da ya samu, liman ya yi addu'a, tsofaffi su sa albarka.

Daga ranar ɗawainiyar gari ta hau kansa. Shi za a kawo wa takardar asibiti ya duba, shi zai karanta bayanin da ke jikin kwalbar maganin feshi, shi zai rubuta wa gari takardar koke. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin da gari ke jira a wurinsa shi ne ya ja na baya. Ranar da ya zaunar da ƙaninsa ko ɗan maƙwabci ya cika masa takardar neman shiga jami'a, wata uwar a unguwa za ta fara tanadin gyaɗa.