Ƙoda Ba Ta Kuka Sai Ta Kusa Gazawa

Yawancin cututtuka sukan yi sallama kafin su shiga gida, ko da zazzaɓi ko tari ko ciwon kai. Ciwon ƙoda kuwa shigar shiru yake yi. Mutum yana iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa alhali yana cin tuwonsa, yana zuwa gona ko kasuwa, bai ji komai ba. Saboda haka duk wanda yake jira sai jikinsa ya gaya masa kafin ya je a duba shi, sau da yawa yakan isa asibiti bayan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Dalilin wannan shiru yana cikin yadda aka halicci ƙodar. Guda biyu ne a bayan ciki, dama da hagu, kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, amma a cikinta akwai ƙananan matatai kusan miliyan 1. A kowace rana suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar wa jiki kusan dukkansa, su fitar da lita 1 zuwa 2 kawai a matsayin fitsari, wanda yake gangarawa ta bututu biyu zuwa mafitsara. Ban da fitar da datti, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa a jiki, tana da hannu a daidaita bugun jini, tana fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, kuma tana taimaka wa ƙashi ya yi ƙarfi. Idan wasu matatai suka mutu, sauran sai su ɗauki nauyinsu, aiki ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Matatar da ta mutu kuma ba ta dawowa. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, ko kumfa a fitsari, ko kasala da amai, an riga an yi asara mai yawa.

Manyan masu wannan ɓarna su ne hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ma sukan daɗe a jiki ba a sani ba. Sai kuma abin da muke saya da kuɗinmu: magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, da leburori da manoma ke haɗiya kullum daga kemis ba tare da umarnin likita ba, da man canza launin fata mai ɗauke da sinadari mai guba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba a ciki ba. A yankin Gashuwa na Jihar Yobe, yawan masu wannan ciwo ya daɗe yana tayar da hankalin jama'a da hukumomi.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun sha sassaƙe da saiwa, sun kuma tsufa lafiya. Gaskiya ne akwai tsirrai masu amfani, amma duk abin da aka haɗiya, na gargajiya ne ko na asibiti, wani ɓangarensa ta ƙoda zai bi. Kwalbar da ake tallanta a tasha, a ce tana maganin basir da sanyi da shawara lokaci guda, babu wanda ya auna ƙarfinta, mai sayarwar ma bai san iyakar da za a sha ba. Wani kuma zai ce gwaji sai mai kuɗi. To, a kwatanta: awon jini da gwajin suga da na fitsari ana yin su a ƙananan asibitoci cikin ɗan lokaci. Wankin ƙoda kuwa yawanci sau 3 ne a mako, kowane zama kusan awa 4, kuma ba ya warkar da ciwon, riƙe rai kawai yake yi. Dashen ƙoda, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002, yana buƙatar mai bayarwa da ya dace, da shan magani har ƙarshen rayuwa. Iyalai da dama sun sayar da gona da gida a wannan hanya. Mai cewa komai ƙaddara ne shi ma bai yi ƙarya ba, sai dai neman magani da kiyaye lafiya ba su saɓa wa tawakkali ba.

Abin yi a bayyane yake. Mai hawan jini ko ciwon suga, da wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, su riƙa yin gwajin jini da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kada su ajiye magani don sun ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mai aiki a rana ya yawaita shan ruwa mai tsabta. Ciwon da aka gano da wuri ana iya rage masa gudu shekaru masu yawa, kuma ranar da mutum yake jin garau ita ce ranar da ta fi dacewa ya je a duba shi.