Haɗa alkama da dangin wake na ƙara ingancin ƙwaya

Binciken da masana aikin gona suka gudanar a Turai ya nuna cewa alkamar da aka shuka a gona ɗaya da dangin wake ta fi wadda aka shuka ita kaɗai yawan furotin, wato sinadarin gina jiki.

Wannan batu ne na kuɗi ga manomi. Furotin ne ke bai wa ƙullun fulawa danƙon da ke sa burodi ya tashi, taliya kuma ta riƙe jikinta a tukunya, don haka masu injinan niƙa kan rage farashin alkamar da ba ta da isasshensa.

Wani nazari da aka wallafa a shekarar 2015 ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 58 da aka yi a gonakin Faransa da Denmak waɗanda ba a zuba musu takin zamani. Ya gano cewa furotin ɗin hatsin da aka haɗa da wake ya kai kashi 11.1 cikin ɗari, yayin da na wanda aka shuka shi kaɗai ya tsaya a kashi 9.8. Jimillar amfanin gonar ma ta ƙaru.

Daga ina ribar take zuwa?

Shuka na haɗa furotin ne daga sinadarin naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sai dai alkama ba ta iya amfani da shi, dole ta nemi nata a cikin ƙasa.

Dangin wake kuwa suna da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna mayar da naitirojin na iska ya zama abincin shuka.

Mutane da dama na ɗauka cewa waken ne ke ciyar da alkamar kai tsaye. Abin da yake miƙa mata a cikin kakar noma ɗaya kaɗan ne. Abin da ke faruwa shi ne, saiwar alkama ta fi saurin bazuwa, sai ta riga waken kwashe naitirojin na ƙasa, shi kuma ya koma ya dogara da na iska. Tun da yawan alkamar da ke gonar ya ragu, kowace zangarniya na samun kaso mai tsoka a lokacin da take cika ido.

Wannan ne ya sa dabarar ta fi amfani a inda taki ya yi ƙaranci. Gwajin da cibiyar binciken aikin gona ta Faransa, INRA, ta yi kusa da birnin Toulouse ya nuna cewa idan aka zuba taki da yawa tun farko, alkama kan danne waken, ribar haɗin kuma ta ragu.

A lardin Yunan na ƙasar Sin, inda ake haɗa alkama da waken da ake kira ful a Masar da Sudan, an lura cewa haɗin na rage cutar da ke sa ganyen alkama ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari.

Babbar matsalar ita ce girbi. Dole iri biyun su nuna kusan lokaci guda, sannan a raba ƙwayoyinsu, domin masu niƙa ba sa karɓar alkama mai gutsattsarin wake.

Ga manomin ƙasar Hausa da ya gaji haɗa gero da wake, wannan ba baƙon abu ba ne. Tsadar takin zamani, musamman bayan da Rasha ta mamaye Yukiren a 2022, ta ƙara wa batun muhimmanci.

To amma ana noman alkama ne a wurare irin su Kadawa da Haɗeja da rani, ta hanyar ban-ruwa, cikin sanyin hunturu, wakenmu na gida kuma ya fi son zafi. Abin da ya fi sauƙi a nan shi ne a noma wake, gyaɗa ko waken soya da damina, a bar ganye da saiwarsu a ƙasa, sannan alkama ta biyo baya.