Daga Pusiga zuwa Makango: yadda ɗan tudu ke zama ɗan ruwa

Mu mutanen Pusiga da Bawku 'yan tudu ne. Abin da muka gada shi ne noman gero da albasa, da kiwo, da fatauci. Babban ruwan da muka sani shi ne kogin Farar Volta, shi ma ba mu cika tuna shi ba sai lokacin da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso ya cinye gonaki, kamar yadda ya faru a ambaliyar 2007. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan saurayinmu ya isa Makango, kudu da Salaga, ya hangi ruwa iya ganinsa, gwiwarsa ta yi sanyi.

Shi kansa wannan ruwa baƙo ne a ƙasar. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro kogi kawai suka sani, ana fito da su a Yeji. Sai da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya zama tafkin Volta, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500. Ya tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu, ya kuma haɗiye tsohon garin Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, shahararren malamin nan, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Amma tafkin ya zo da sana'a: su, da fito, da cinikin banda. Neman abinci kuwa ba ya tambayar mutum ko ya iya iyo.

To, yaya ɗan koyo ke farawa? Ba a miƙa masa filafili ranar farko. Aikinsa shi ne ya zauna a tsakiyar kwalekwale, ya yi ƙasa da jikinsa, ya riƙa kwashe ruwan da ke shigowa. A nan yake gane cewa duk motsin da ya yi, jirgin gaba ɗaya yana jinsa. Daga nan sai a mai da shi goshin jirgi, yana tuƙi yana duban hanya, gwani kuma yana baya yana juya akalar jirgin. Idan akwai ƙyallen da ake ɗaurawa a kan gora don iska ta tura jirgi, darasin farko ba na ɗaga shi ba ne, na sauke shi da sauri ne, domin guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, ba ta kuma sallama. Ana koya masa ya tari igiyar ruwa da goshin jirgi, kada ya ba ta gefe.

Babban haɗarin tafkin kuwa ba a ganinsa. Ba a sare dazuzzukan da ruwa ya mamaye ba, kututturansu suna nan a ƙarƙashi, kuma sun sha fasa jirage da rayukan mutane a ciki. Na gaba shi ne idon jirgi, na baya shi ne hannunsa. Idan na gaba ya ce dama, na baya ba ya tsayawa gardama. Ranar da tsohon matuƙi ya juya jirgi bisa maganar yaron da bai fi wata uku a ruwa ba, ranar ce tsoro ke fara barin yaron, domin an nuna masa cewa an ba shi amanar rai.

Daga nan abota ke tsirowa. A bakin ruwan Yeji da Makango akwai Ewe da suka hauro daga kudu da gwanintar su, akwai Gwanjawa, akwai mutanen zango, Hausa kuwa tana cikin harsunan da ke haɗa ciniki. Mu da muka ga abin da rikicin sarauta ya yi wa Bawku da Yendi mun san tsadar yarda da juna. A cikin kwalekwale babu wanda ke da halin riƙe wani da gaba, don in ya kife ba zai zaɓi ƙabila ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suke cewa jirgi ɗaya ya ɗauko mu.

Wani hanzari ba gudu ba, koyon sana'a daban, bautar da yara daban. An daɗe ana kokawa kan ƙananan yaran da ake kaiwa tafkin ana tura su nutso don kwance koma daga kututture. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, ta 2005 kuma ta haramta safarar mutane. Iyaye su bincika hannun da za su danƙa wa ɗansu.

Shi kuma mai niyyar koyo, ya fara da iyo a ruwa marar zurfi, ya sa rigar kariya ko da za a yi masa dariya, ya ƙi shiga jirgin da aka yi wa lodin wuce kima. Iya ruwa fid da kai, in ji magabata. Amma a tafkin Volta, wanda ya fi saurin fid da kansa shi ne wanda ya sami abokin tuƙi na ƙwarai.