Filin Manoma: Mai Gyaran Jirgi Ya Kwana Cikin Jirginsa?

Wani manomi daga Darna Sabon Gari, cikin ƙasar Illela, ya aiko mana da tambaya. Ya ce su huɗu ne suka haɗa kuɗi suka sayi tsohon jirgin katako, don su riƙa ƙetare gulbin Rima zuwa gonakinsu na fadama. Jirgin yana yoyo, sun jawo shi tudu wurin masu gyara. Shi ne aka wakilta ya tsaya kan aikin, ga shi kuwa baƙo ne a garin, ba shi da kuɗin haya. To, yana so ya ji ko ya kyautu ya riƙa kwana cikin jirgin har a gama.

Watakila wani ya yi dariya, ya ce me ya haɗa mutumin Illela da jirgi, shi da aka sani da kasuwar dabbobi da hatsi? To, wanda ya ce haka ya manta da tafkin Kalmalo, wanda ruwan Majiya ke zubowa cikinsa daga ƙasar Nijar. Gaskiya ne tun da aka yi madatsun Mozage da Zongo don aikin ban ruwa na Birnin Ƙonni ruwan da ke isowa ya ragu. Wannan kuwa yana cikin abin da ke sa mutanen wajen nan su nemi fadama a gabas da kudu, wajen Gada da Goronyo da Wurno, inda ake noman shinkafa da albasa da alkama. A can, in gulbi ya cika, manomin da ba shi da jirgi sai ya tsaya a gaɓa yana hangen gonarsa.

Amsarmu ita ce: i, ka kwana ciki. Ba don rashin masauki kaɗai ba, akwai ilmi cikin kwanan. Amma da sharuɗɗa, za mu kawo su.

Abin Da Dare Ke Nunawa

Jirgin katako yana da hali irin na mai rai. In ya sha ruwa sai ya kumbura, in ya sha rana sai ya tsuke. Shi ya sa jirgin da ya yi wata guda a tudu cikin hunturu za ka ga bakin allunansa ya buɗe, ko da kuwa lafiya lau aka fitar da shi. Waɗansu kafofin a fili suke. Waɗansu kuwa ba su fi kaurin zare ba, ido ba ya kama su da rana tsaka.

Ga dabara. In dare ya yi, ka sa fitila cikin jirgin, ka rufe shi da tabarma ko tamfol, ka fito ka zagaya shi a hankali. Duk inda haske ya ɓullo, nan ruwa zai shiga. Ka shata wurin da alli ko gawayi. In kuwa an kife jirgin ne bisa itatuwa, wanda ya kwana ƙarƙashinsa zai ga wannan da sassafe, sa'ad da rana ta fara dukansa: hasken zai riƙa tsiyayowa ta kowace tsaga. Har wa yau, cikin shirun dare kunne yakan ji ƙwaro yana ƙurƙurar katako, abin da ƙarar guduma da zarto ke ɓoyewa da rana. Allon da ƙwaro ya ci cikinsa ba a liƙe shi da kwalta, cire shi ake yi. Ka soka tsinin wuƙa, in ta nutse ba da wahala ba, wannan allo ya mutu.

Na biyu, idon mai kaya taki ne, kamar yadda yake a gona. Wanda ya kwana a wurin yana ganin irin katakon da aka sa masa. Maɗaci da kawo suna jure ruwa, farin katako mai taushi kuwa damina ɗaya ko biyu ya ruɓe. Yana ganin ko an zare tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, ko kuwa an buga sababbi kusa da su aka shafe da fenti. Yana ganin ko an cusa auduga ko igiya cikin tsaga sosai kafin a zuba kwalta. Kwalta ita kaɗai, in ba abin da ta riƙe a ciki, rana ta narkar da ita, igiyar ruwa ta ɓamɓare ta.

Na uku shi ne tsaro. Ƙusa da katako da filafili ba su da nauyi ga ɓarawo, balle injin. Wanda ya kwana bisa kayansa ya huta da cigiya.

Sharuɗɗan Kwanan

Da fari, kada ka shimfiɗa tabarma sai ka gai da masu wuri. Kowace tashar jirgi tana da manyanta, Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi ko babban kafinta. Ka faɗa musu sunanka da garinku. Baƙon da aka ga yana motsi cikin jirgi da tsakar dare, ba wanda ya san da zamansa, yana iya shan dukan da ba nasa ba.

Sa'an nan ka duba mazaunin jirgin. A tudu jirgi ba shi da gindin zama, tokara ce ke riƙe da shi. In za ka shiga ƙarƙashinsa, lalle a ɗora shi bisa manyan gumagumai, ba duwatsun da aka jera ɗaya kan ɗaya ba. Ka girgiza shi da ƙarfi tun da rana. In ya motsa, kada ka sa kanka ƙasansa.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Busasshen katako da kwalta da fetur, in sun haɗu da tartsatsi, kafin a kawo guga an yi hasara. Murhun narka kwalta a yi shi nesa, a kashe shi da ƙasa kafin magariba. Jarkar mai kada ta kwana inda kake kwana. Fitilar duba tsaga kuma ta batir ta fi ta kananzir. In sanyi ya dame ka, ka ƙara bargo, kada ka shigo da kaskon gawayi ƙarƙashin tamfol. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci ta ɗauke shi.

Gidan sauro wajibi ne, gama bakin ruwa gidan zazzaɓi ne. Ka kakkaɓe tabarma da takalmi saboda kunama da maciji, su ma suna son inuwar jirgi. Kada kuma ka yi wanka a kwantaccen ruwan gefe, nan ake ɗaukar tsargiya. In tashar tana ƙasa da madatsa, irin ta Goronyo, ka sa kunne ga sanarwar sakin ruwa, ka ja jirgin sama da inda ruwa ya tsaya bara.

Daren Ƙarshe

In an gama aiki, kada a yi lodi ran nan. A tura jirgin ruwa mara zurfi, iyakar gwiwa, a ɗaure shi gaba da baya. Kwana biyu ko uku zai yi ta tsattsafo kafin katakon ya kumbura, wannan ba laifi ba ne, sai a yi ta kwalfewa. Bayan haka ka ƙafe shi sarai, ka ɗora buhunan yashi gwargwadon nauyin da zai riƙa ɗauka, ka kwana ciki. In ka tashi tabarmarka a bushe, ka biya kafinta sauran kuɗinsa. In ta jiƙe, aiki bai ƙare ba.

Wannan magana ba ta wasa ba ce. Cikin watan Mayu na 2021 wani jirgi ya tsage a kogin Kwara kusa da Wara, ƙasar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira. Hukuma ta ce jirgin ya tsufa, an kuma yi masa lodi fiye da kima. Cikin Afrilu na 2022 mutum 29 suka rasu a ƙasar Shagari, da yawansu yara ne. Ajali na Allah ne, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ku shata layi da fenti a gefen jirgi, in ruwa ya taɓa shi lodi ya isa. Ku nemi rigunan kariya, ku daina tafiyar dare.

Saboda haka, malam na Darna, ɗauki tabarmarka da gidan sauronka ka tafi. Rani ne lokacin gyaran jirgi, kamar yadda shi ne lokacin gyaran rumbu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙetarar da mu lafiya, amin.